Rasuwar Mai Lema Na Ɗaya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni Ƙasimu, wanda yaran Agege suke kira Baba Mai Bidiyo, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da mahautan Abbatuwa, da 'yan dakon Mile 12, da direbobin tankar Apapa masu biyowa ta ɗakin kallona idan layin lodi ya yi tsawo, rasuwar kaset ɗina, abokin zamana, Mai Lema Na Ɗaya.

Ya rasu ranar Talata da hantsi, cikin daminar bana ta 2001, a kan teburin gugar Malam Shitu mai wanki, bayan layin dogo. A gabana aka yi, hannuna yana riƙe da gefensa. Wanda ya ji wannan sanarwa ya yi dariya ban riƙe shi a rai ba, don ni ma na san roba ce da baƙin zare. Amma ya sani cewa a duk faɗin duniyar nan, a cikin wannan zaren kaɗai nake ganin fuskar marigayiya matata. Zan yi bayanin yadda aka yi haka idan na zo wurin.

Marigayin ya zo hannuna tun soja suna kan mulki. Ya'u direban tanka ne ya karɓo shi wurin wani ma'aikacin jirgin ruwa a Apapa, ya kawo mini a cikin ledar burodi, ya ce, "Baba, ga irin kayanka." Ya san halina. Ya san ina da ƙadangare mai wutsiya biyu a cikin kwalba, da wani dutse da aka ce tsawa ce ta yar da shi a Abule Egba. Takardar goshin kaset ɗin kyankyasai sun riga sun cinye ta, saboda haka sunansa na yanka bai iso Agege ba. Mu muka raɗa masa Mai Lema, sunan kuma ya bi shi, ya bi ƙannensa.

Fim ne na Turawa, na ban tsoro. Ni karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, Turancin da nake ji kuwa bai wuce na kwandastan motar danfo ba. Amma nakan tsaya gefen talabijin da 'yar sanda a hannu, ina duban fuskokinsu ina faɗa wa 'yan kallo abin da suke cewa, kuma har yau ba Baturen da ya zo ya ƙaryata ni. Ga yadda na fahimci labarin. Wani siririn magidanci ne mai gyaran lema, a wani gari da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Wata rana tsohuwarsa ta yanke jiki ta faɗi a bakin titi ana tsuga ruwa. Mutum huɗu suka wuce ta, kowa da lemarsa, ba wanda ya tsaya ya rufe ta, don kada rigarsa ta jiƙe. A nan ta cika, ruwa yana shiga bakinta. Ɗan ya koma shago ya rufe ƙofa, ya zauna yana wasa ƙarafunan wata baƙar lema ɗaya bayan ɗaya har suka yi tsini. Daga nan duk ranar da hadari ya haɗu, sai ɗaya daga cikin huɗun nan ya gamu da shi.

Na yi wa marigayin shaidar haƙuri. Ba ya gaggawar jini. Sai ya bar ka ka zauna, ka ji ƙarar ruwa a kan rufi, ka ga mutum yana hura shayinsa, har ka manta abin da ya kawo ka, sannan ka ji lema ta buɗe a bayan ƙofa: fap. Na yi masa shaidar kunya, don ko an zo yanka yakan kau da kai ya nuna maka gilashin taga, ja yana gangarowa yana cuɗanya da ruwan sama. Na yi masa shaidar tausayi. Bayan kowane kisa Mai Lema kan zauna a bakin titi, ya rufe lemar, ya bar ruwa ya yi ta dukansa yana kuka. Alu mahauci, wanda yake kayar da bijimi kafin ya karya kumallo, kullum in an zo nan sai ya ce hayaƙin janareta ne ya shiga idonsa, ko da ranar akwai wuta.

Yana kuma da murya tasa ta kansa, ban da ta fim. Idan na tura shi cikin na'ura sai ya ce ƙwaras, ya ɗan yi shiru kamar mai gyara zama, sannan ya ce hmmm. Idan ina mayar da shi baya sai ya fara kirrr a hankali, ya yi ta ƙara sauri har tebur ya ɗauki rawa, ya ƙare da tak. Duk yawan kaset ɗin da suke kan katakona, ko idona a rufe na san tak ɗinsa.

Yanzu ga maganar matata. Sunanta Ni'ima. Yau na fara rubuta sunan nan, a rayuwarta kuwa ban taɓa kiransa ba, "ke" nake cewa ta amsa. 'Yar Tasawa ce, na auro ta na kawo ta Ikko. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. In mai hoto ya shigo gidan biki sai ta ja mayafi ta shige bayan mata, ta ce hoto na mai zuwa Makka ne, ranar da kujerarta ta fito za ta tsaya a ɗauka. Kujerar ba ta fito ba. Allah kuma bai ba mu haihuwa ba, balle in dubi fuskar ɗa in ga tata.

To, gab da ƙarshen fim ɗin, kafin a kai kan gada, akwai wani wuri da ba a kashe kowa. Wata baƙar mata ce tsaye a wurin jiran bas, ba ta da lema, ta ɗora jakarta a ka. Ta ɗaga ido ta dubi sama, sai ta juyo, ta kama ƙasan kunnenta ta ɗan ja, kamar mai tunanin abin da za ta dafa. Mai Lema ya zo ta bayanta ya tsaya. Duk ɗakin kallo sai a yi tsit. Ya dube ta, ya ga ruwa yana dukanta kamar yadda ya doki tsohuwarsa, sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Ita ba ta ma san an yi ba. Ba ta ce uffan ba, ba a sake nuna ta ba.

Ranar da na fara gani, sandar hannuna ta faɗi. Goshin nan, hancin nan, jan kunnen nan. Na ruga cikin gida na taso Ni'ima daga bakin murhu, na mayar da kaset baya, na tsayar mata da hoton. Ta daɗe tana kallo, muciya a hannu. Sannan ta ce, "Malam, duk duniya ka rasa inda za ka gan ni sai a fim ɗin yankan mutane?" Na ce ta dai duba da kyau. Ta ce, "Na duba. Wannan ba ta ƙoshi ba. Kuma wace mace mai hankali ce za ta tsaya ruwa yana dukanta ba ta nemi rumfa ba?" Ta juya za ta koma wurin tuwonta tana dariya, tana jan kunne.

Shekara biyu bayan haka zazzaɓi ya ɗauke ta. Tun daga lokacin, kullum da safe in na share ɗaki, kafin 'yan kallo su fara zuwa, nakan tura marigayin cikin na'ura in kai shi wurin jiran bas in tsayar. Mu gaisa. In faɗa mata wanda aka yi wa haihuwa da wanda ya tattara ya koma gida. Ni na ba ta labarin soja sun koma bariki. Ni na faɗa mata an kawo wata waya marar igiya da ake yawo da ita a aljihu. Hoton yakan riƙa ɗan rawa a tsaye, kamar tana numfashi.

Marigayin ya rasu ya bar ƙanne shida, duk suna nan da ransu a kan katako. Tunda al'ada ce a ambaci waɗanda mamaci ya bari, zan ambace su, amma ba zan yi musu ƙarya ba.

Na Biyu ɗan halak ne. Ya ɗauko kamannin wansa, siririn mutumin nan dai shi ne, ruwa kuma yana sauka. Abin da ban gane ba shi ne yadda ya dawo, don a ƙarshen Na Ɗaya da idonmu muka gan shi ya faɗa kogi daga kan gada. Da 'yan kallo suka tambaye ni sai na ce wani masunci ne ya tsamo shi, ko da yake ba a nuna masunci ba. An ƙara jini, an rage kuka, amma in ka zauna da shi za ka ji ƙanshin gidansu.

Daga Na Uku zuri'a ta fara lalacewa. Sun canza mutumin. Sun kawo wani ƙato mai ƙirji kamar ƙofar kwantena, wanda ko zare ba zai iya zura wa allura ba balle ya gyara lema. Huɗun da suka yi laifi kuwa an gama da su tun tuni, to wa yake kashewa? Kowa. Mai kai wasiƙa, mai sayar da fetur, wasu masoya da ba su tare wa kowa hanya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, a Na Uku ne ya fara kisa da rana tsaka, sama tas ba ko gajimare. Na ajiye sanda na ce wa 'yan kallo, jama'a wannan ba Mai Lema ba ne, ɗan daba ne ya tsinci lema. Suka ce, "Baba, matsa gefe, kana tare mana."

Na Huɗu an kai shi wani garin hamada, da suka tuna ana bukatar ruwa sai suka shigar da shi wurin wankin mota. A nan aka fara fito da kayan ciki a fili. Mahautan Abbatuwa suka mayar da shi abin wasa. In an farke mutum sai Alu ya miƙe ya ce, "Wallahi hanjin tunkiya ne, har na so in gane mai ita!" ɗaki ya kwashe da dariya. Fim ɗin tsoro ana dariya. A zamanin wansu har fitsari wani ɗan dako ya yi a benci, kuma ko hanta ba a nuna masa ba.

Na Biyar shi ne ɗan gatan samari, kuma gaskiya shi yake ciyar da ni. An sa wa lemar inji, tana juyawa kamar fanka, kai yana tashi nan hannu yana tashi can, samari suna ihu kamar an ci ƙwallo. Ba zan zalunce shi ba, yana da wuri guda mai kyau. Injin ya ƙi tashi, ƙaton ya tsaya yana jan igiya yana ja kamar mai fama da janareta, wanda za a kashe kuma ya tsaya yana jiransa don tsoro ya hana shi gudu. A nan na ga ɗan jinin gidansu. Sauran kuwa mayanka ce kawai ba bisimilla.

Na Shida ba na son maganarsa. Shi ne ya koma baya ya nuna Mai Lema yana ƙarami, wai tun yana rarrafe mugu ne, yana shaƙe kyanwa, wai ma shi ya ture tsohuwar tasa a titi. Wato ƙane ya tashi ya ƙaryata wansa a bainar jama'a. Ranar da na fara nuna shi daga tsakiya har ƙarshe ban fassara ko kalma ba, kuma ba wanda ya lura. An rubuta a jikinsa cewa shi ne na ƙarshe, wani mai ilimi ya karanta mini, har na yi hamdala. Bara sai ga Na Bakwai. Shi wannan auta babu ruwa babu hamada, a cikin wani dogon bene aka yi shi duka, lemar ma sau ɗaya ta buɗe.

Duk da haka na kalle su kaf, ba sau ɗaya ba. Ba don jinin ba. Na ce tunda gida ɗaya ne, wataƙila matar nan za ta sake giftawa, ko a bayan taro, ko a tagar mota. Samari suna kallon wanda ake yankawa, ni ina kallon masu wucewa a baya. A Na Huɗu na hango wata daga baya da jaka a ka, na matso kusa da talabijin, da ta juyo sai ga gemu. Ban same ta ba. Cikin ƙannen nan shida ba a bar wuri ko ɗaya da mutum zai tsaya kawai ya dubi sama ba.

Ciwon ajali ya fara ne da shigowar damina. Ɗakin kallona yana yoyo ta kusurwa, danshin Ikko kuwa ba ya barin komai. Na ga farin fumfuna ya fito a zaren kamar furfura. Na kai shi wurin Harouna mai gyaran rediyo, ɗan Maraɗi, ya kwance shi ya goge da auduga da sifirit. Ya ɗaga zaren a haske ya ce, "Baba, kaset ɗin nan duk ya tsufa, amma wuri guda ya fi ko'ina cinyewa, ya yi shara-shara kamar ɓawon albasa. Me ake yi a wurin?" Na ce gaisawa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce da Faransancinsu, "Bon," ya ci gaba da gogewa.

Ya samu sauƙi, har ya koma aiki, ko da yake farin layi yana gilmawa ta fuskarta kamar ana yayyafi. Ran nan da safe na tsayar da hoton, ina ba ta labarin gwandar bayan ɗaki ta fara 'ya'ya, sai aka ɗauke wuta, aka dawo da ita nan take da ƙarfi. Na ji marigayin ya yi wani kuka da ban taɓa ji ba, cakar-cakar-cakar, kamar akuya tana tauna leda. Kafin in kai hannu na'ura ta tauna shi. Da Harouna ya zaro shi, zare kamar kamu ɗaya ya tattare, daidai wurin jiran bas. Bai tsinke ba, amma duk ya yamutse.

Harouna ya ce, "Wannan mai sauƙi ne. In yanke nan, in yanke nan, in haɗa baki da jan farce, gobe ka nuna abinka." Na ce abin da ke tsakani fa? Ya ce, "Shara. Ai na san fim ɗin, ba wanda ya mutu a wurin. Wa zai lura?" Na ce ba za a yanke ba. Ya ce in aka mayar da shi haka a yamutse na'ura za ta sake kama shi, wannan karon kuma tsinke shi za ta yi. Na ce to a miƙar da shi. Ya ce, "Ni almakashi gare ni, Baba, ba ni da abin miƙar da zare." Na naɗe kaset ɗina a hula na tafi.

A hanya tunanin ya zo mini. Abin da ya yamutse ai guga ake yi masa, a duk Agege kuwa ba wanda ya san guga kamar Malam Shitu. Jirgin ƙasa ɗaya ya sauke mu a garin nan muna samari. Shi yake goge manyan rigunan alhazan kara masu sayar da shanu, ya goge shadda, ya goge leshi, ya goge silikin amare wanda ko numfashi mai zafi ba ya so, kuma ba a taɓa jin ya ƙona wa wani ko bakin aljihu ba. Na shimfiɗa masa zaren a tebur. Ya shafa shi da ɗan yatsa, ya ce, "Ƙasimu, wannan ai ɗan'uwan siliki ne. Wuta kaɗan, ruwa kaɗan, hannu ɗaya. Amma kai da ciwon gwiwa me ya taso ka har nan a kan zare?" Na faɗa masa wadda take ciki. Ya san ta, ya ci tuwonta shekara da shekaru. Ya ce, "To bari in wanke hannu."

Ina so jama'a su shaida cewa ba a yi sakaci ba. Ya buɗe dutsen guga ya kwashe garwashin, ya bar 'yan ƙanana. Ya jira. Ya kai dutsen kusa da kumatunsa ya ji, ya sake jira. Ya gwada a kan tsohon ɗankwali. Ya ɗauko farin hankicinsa na zuwa Juma'a ya rufe zaren, ya guntsi ruwa ya fesa da baki, lallausan feshi irin wanda yake yi wa rigar ango. Ya ce in riƙe gefe. Ya yi bisimilla ya ɗora.

Maganar marigayin ta ƙarshe ita ce tsss. Ba ta da ƙarfi. Sai wari ya tashi irin na gashi a wuta. Da Shitu ya ɗaga hankicin, zaren ya ƙanƙance ya murɗe, ya manne a jikin ƙyallen, baƙi ƙirin kamar tsinken tsintsiya. Kamu guda ya koma bai fi ɗan yatsa ba.

Shitu ya ajiye dutsen a ƙasa, ya zauna kusa da shi a ƙasan, ya cire hula. Ya ce, "Ƙasimu, na ƙone ta." Na ce a'a, kaset ka ƙona. Ya ce, "Na ƙone ta, Ƙasimu." Muka zauna nan, tsofaffi biyu, rigunan mutane suna ɗiga a igiya a kanmu. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kada ya tsokane shi da maganar. Tun ranar bai hura gawayi ba, ga shi kuma akwai masu jiran kayansu.

Harouna ya haɗa abin da ya rage, don ya ce ba zai iya ganina haka ba. Na nuna shi sau ɗaya. Mai Lema ya fito daga shago, hoto ya yi tsalle, sai ga shi a kan gada. Ɗaki cike, ba wanda ya nemi komai. Wani ma cewa ya yi, "Yau fim ɗin ya fi sauri, Baba, haka ya fi." Na jira ya ƙare na zare shi. Yana shiga, yana juyawa, yana fita, amma na san gawa ce.

Ban zauna ba. Na shiga danfo na je kasuwar Idumota, na je ta Alaba, shago shago ina kwatanta lema da hannu. Ko'ina sai a miƙo mini Na Biyar. Suka ce zamanin kaset ya wuce, yanzu faifai ake yayi. Daga ƙarshe wani Ibo mai shago, Allah ya yi wa kasuwarsa albarka, ya hau tsani ya tono mini Na Ɗaya a faifan sidi, sabo fil, yana walƙiya kamar madubi. A ƙirji na rungumo shi har Agege. Na kai gidan maƙwabcina mai na'urar faifai muka sa. Hoto garau, har ɗigon ruwa kana gani ɗai-ɗai. Mai Lema ya fito daga shago, na miƙe tsaye. Sai ga shi a kan gada. Waɗanda suka buga faifan sun rage fim ɗin don ya shiga, kuma tunaninsu ya zo ɗaya da na Harouna. Inda ba a mutu ba, nan suka yanke.

Shekaranjiya na idar da sallar asuba na nemi fuskarta a raina. Na samu goshi, na samu kunne, tsakiyar ta ƙi zuwa. Da na matsa sai fuskokin Na Biyar suka yi ta zuwa, masu ihu, baki a buɗe. Jiya na sake nema, goshin ma ya fara dusashewa. Wannan ne ya sa na ce ba za a jinkirta jana'iza ba.

Na je wurin Malam Khamisu limamin masallacin layinmu. Ya saurare ni har ƙarshe bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce roba ba a yi mata salla, ba a kai ta maƙabarta. Na ce na sani. Ya ce amma addu'a ga Ni'ima ba ta da ranar da aka hana, zai zo ya yi. Saboda haka ga yadda aka tsara.

Ranar Juma'a bayan la'asar za a haɗu a ɗakin kallona, kusa da mai shayi. Babu kallo ranar, kada samari su zo suna tambayar Na Biyar. Ranar Asabar zai koma aiki, shi ba ya zaman makoki. Za a naɗe marigayin a hankicin Malam Shitu, tare da guntun da ya manne a jiki, a sa shi a gindin gwandar bayan ɗaki. Alu ya ce shi zai haƙa. Shitu ne zai sa shi a ramin; na roƙe shi ya ƙi, na sake roƙo ya yarda. Harouna zai kawo goro. Ƙannen marigayin za su kasance a kan katako, fuskarsu a bango. Masu zuwa daga Apapa da Mile 12 su sauka a bakin layin dogo su hau okada, su ce gidan Baba Mai Bidiyo.

Roƙona na ƙarshe ga mata ne. Tani mai tuwo, wadda suka yi shekaru suna daka a turmi ɗaya. Ummukulsum, wadda take yi mata kitso. Mariama, wadda ta yi mata wankan ƙarshe. Da duk wata da ta taɓa zama kusa da Ni'ima har ta kalle ta da kyau. Don Allah ku zo. Ku faɗa wa mazajenku an wanke ɗakin, an cire hotunan bango, an ware muku bencin gaba. In Malam ya shafa addu'a maza sun fita, zan zauna a ƙasa a gabanku in rufe ido. Ku fara daga girarta ku gangaro. Kada ku gyara ta don ku faranta mini; in haƙorinta ɗaya ya hau kan ɗaya ne, ku ce ya hau. Ku yi a hankali, ni tsoho ne, ɗaya ta gama kafin ɗaya ta fara.

Sanarwa daga mijinta,
Ƙasimu, Agege.